Sanarwa kan wuraren cin abinci a Roma

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka.

Maganar inda za mu riƙa cin abinci a Roma ce, kuma ina son mu tsayar da ita kafin a tashi. Don Allah kada kowa ya yi odar taliya don sunanta ya yi masa daɗi. Carbonara da amatriciana duk da naman kuncin alade ake yin su. Risotto kuma, wato dafaffiyar shinkafarsu, galibi ana zuba masa farar giya wajen dahuwa, har tiramisu, wani kayan zaƙi nasu, wasu gidajen suna sa masa. Cacio e pepe ta fi mana kwanciyar hankali, cuku ne da masoro kawai. A riƙa cewa "senza maiale, senza vino", wato ban da alade, ban da giya.

Ni dai na fi karkata ga tsohuwar unguwar Yahudawa, inda gidajen kosher, wato masu bin ƙa'idar abincin Yahudawa, ba sa taɓa alade, sai kuma Esquilino kusa da tashar Termini, akwai halal. Abokan tafiyarmu masu shan giyar inabi su biya nasu daban.

Akwai kuɗin zama da wasu ke ƙarawa a kan kowane mutum, a duba takarda. Yawanci gidajen abincin ba sa buɗewa da dare sai wajen 7:30. Ku faɗi zaɓinku kafin Juma'a mu kama tebur.