Wane Ne Ya Ɗauki Hoton Sojan Da Kuke Buga Mana?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan hotunan sojoji da na fagen daga da ake bugawa tare da labarai, al'amarin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu mutanen Zariya soja ba baƙonmu ba ne. Tun shekarar 1924 ake horar da kurata a Daffo, ga makarantar soja ta yara da aka buɗe a 1954, ga barikin Basawa, ga kuma Jaji a kan hanyar Kaduna. Duk wanda ya taɓa halartar faretin yaye kurata ya san ainihin fuskar soja: yaro ɗan shekara ashirin, kai ƙwal, ya rame ya yi baƙi saboda watannin horo, mahaifiyarsa ta taso tun daga Gombe da kular abinci tana bin sahu da ido, ta kasa tantance wanne ne nata. Wannan fuska da wuya nake ganinta a jarida. Abin da aka saba buga mana shi ne babban hafsa yana nuna taswira da sanda, ko motocin yaƙi a jere, ko bindigogi da babura an baje su a ƙasa, a gefe kuma wasu mutane zaune ba riga an ce 'yan bindiga ne, alhali ba a kai su gaban alƙali ba tukuna.

Galibin irin waɗannan hotuna sashen hulɗa da jama'a na runduna ne ke ɗauka, ya tura wa 'yan jarida haɗe da sanarwa. Ban ga laifin karɓa ba, domin na san wakilinka ba zai kutsa dajin Sambisa ko na Birnin Gwari shi kaɗai da kyamara ba, na kuma san halin da aljihun jaridu ke ciki. Inda nake da ƙorafi shi ne a buga hoton ba tare da an faɗa wa mai karatu daga hannun wa ya fito ba, har ya ɗauka da idon jarida yake kallo, ga shi kuwa da idon ɓangare guda ne na faɗan. Ko wakilin da sojoji suka ɗauka a motarsu, suka ciyar da shi, suka tsare rayuwarsa, inda aka tsayar da mota nan zai ɗauka, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Masu mulki sun fi kowa sanin ƙarfin hoto. Hotunan yaran da yunwa ta kassara a yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 su ne suka juyo da hankalin Turai kan Biyafara fiye da duk wani jawabi. Amurka, wadda ta ɗanɗana kuɗarta da hotunan yaƙin Biyetnam, ta hana 'yan jarida ɗaukar akwatunan gawar sojojinta daga 1991 har zuwa 2009. A Bagadaza kuwa, ranar 9 ga Afrilu, 2003, hotunan kusa-kusa na tumɓuke gunkin Saddam sun sa an zaci birnin ne kaf ya fito, sai da aka ga wanda aka ɗauka daga nesa aka gane dandalin bai ma cika ba. A nan gida, bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Harkar Musulunci ('yan Shi'a) a Zariya a Disambar 2015, gwamnatin Jihar Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami guda. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan rikicin, labari irin wannan, ko irin na ƙauyen Tudun Biri, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Disambar 2023, bai dace a liƙa masa hoton tankar yaƙi ko na jirgi da aka zaro daga ma'adana ba, domin yin haka shafe mamatan ne daga labarinsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓangaren siyasa. Tun juyin mulkin Mali a 2020, da na Burkina Faso a 2022, da na Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, wayoyin yaranmu suka cika da hoton matashin hafsa cikin kaki mai guga, jama'a na tafi, yayin da ɗan siyasa kullum sai a nuno shi cikin babbar riga yana gyangyaɗi a majalisa. A watan Agustan 2024 mun ga matasa a titunan Arewa ɗauke da tutar Rasha, wasunsu na kiran soja ya karɓi mulki, har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Yunwa ce ta fito da su, ban musa ba. Sai dai yawancinsu bayan 1999 aka haife su, mulkin soja a hoto kawai suka san shi, kuma ba a nuna musu bulala a layin sayen kaya ba, ba a ba su labarin Doka ta 4 ta 1984 da ta jefa 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor a kurkuku saboda labarin da suka rubuta ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne a riƙa rubuta wanda ya ɗauki hoto da wuri da rana a ƙarƙashinsa, in tsoho ne a ce tsoho ne. Wata maƙwabciyarmu da ɗanta ke aiki a Arewa maso Gabas ta taɓa ganin labarin wani hari a wani shafin labarai, da hoton sojoji a bayan mota, ta rantse na biyu daga hagu ɗanta ne. Kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba, lambarsa kuma ba ta shiga, sai a rana ta uku ya kira lafiya lau, daga baya ƙaninsa ya gano an yi shekaru da ɗaukar hoton, tun kafin yaron ya shiga Daffo.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.