Kafin a ce "bincike ya nuna", a gaya mana yadda aka yi binciken

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan rahotannin da suka shafi yara, karatu da tallafa wa iyali. Kusan kullum da "bincike ya nuna" ake farawa, daga nan sai a zarce kan sakamako, ba a ce mana yara nawa aka duba ba, da su wa aka kwatanta su, ko shekara nawa aka yi ana bibiyarsu. To ni kam a ganina nan ne duk maganar take.

Abin da aka fi yi shi ne a gama shirin tallafi, a raba fom a tambayi iyaye wai shirin ya amfane ku, kowa ya ce eh, a tattara a ce an yi nasara. Haba, wa zai karɓi taimako kuma ya kalli idon mai ba shi ya ce bai amfana ba? Kunya ma ba za ta bari ba, balle tsoron kada a cire sunansa.

A 1939 an fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts a Amurka, yara maza sama da 500, aka haɗa su biyu-biyu masu kama da juna a shekaru da yanayin gida, sai aka yi ƙuri'a, ɗaya ya samu mai ba da shawara da ke zuwa har gida, da ƙarin darasi da kula da lafiya da zuwa sansanin hutu, ɗayan kuma aka bar shi yadda yake. Bayan kusan shekara 30 wata mai bincike, Joan McCord, ta nemo su, ta fitar da sakamako a 1978. Da yawa cikin waɗanda aka tallafa wa sun ce shirin ya taimake su ƙwarai, amma da aka duba bayanan kotu da na asibiti sai ga shi su ne suka fi maimaita laifi, suka fi faɗawa shaye-shaye, suka fi mutuwa da wuri. Da fom kawai aka raba, da har yau ana yabon shirin nan. Waɗancan yaran da aka bari ne suka tona gaskiya.

Kada wani ya ɗauka ina cewa tallafi ba ya aiki fa. A birnin Kingston na Jamaika, tsakanin 1986 da 1987, an ɗauki yara ƙanana 129 da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar, aka raba su rukuni-rukuni ta ƙuri'a, wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na zuwa gidajensu duk mako har shekara 2 suna koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Wasa da hira kawai! Bayan shekara 20 aka ga kuɗin da waɗanda aka ziyarta suke samu ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Sai dai 129 ba yawa ba ne, shi ya sa ake bukatar manyan bincike irin Young Lives na Jami'ar Oxford da ya fara bin yara 12,000 a Habasha, Indiya, Peru da Vietnam tun 2002. Irin wannan ma yana da nasa ciwon kai, sau da yawa iyalan da suka fi talauci su suka fi ɓace wa masu bincike, in ba a lura ba sakamako sai ya fito da kyau fiye da yadda abin yake.

Sannan su yaran kansu fa? Sashe na 12 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ce a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi. Amma ka ga babban mutum riƙe da takarda da biro ya tsaya a kan ɗan shekara 6, malaminsa na gefe, ya ce kana son makaranta? Yaro ya saci kallon malam ya gyaɗa kai, shi ke nan an rubuta eh. Masu bincike na ƙwarai sukan zauna ƙasa daidai da yaron, su ba shi fensir ya zana, ko kyamara ya ɗauko hoton wuraren da yake so da waɗanda yake gudu, ko ya zagaya da su yana bayani da bakinsa. Kuma izinin iyaye kaɗai bai wadatar ba, shi ma yaron sai ya yarda, in ya ce ya gaji a ƙyale shi, a kuma ɓoye sunansa.

Roƙona ga wakilanku shi ne duk rahoton irin wannan a ƙara layi biyu ko uku, yara nawa, akwai rukunin kwatance ko babu, tsawon wane lokaci, kuma wa ya biya kuɗin binciken, don sau da yawa mai shirin ne da kansa yake auna shirinsa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku