Amsa ga ƙanwata mai cewa "jikina ne, wayata ce"

Ƙanwata, a gaban jama'a kika tambaye ni, wai tunda hoto ne da bidiyo kawai a OnlyFans, shafin nan da ake biyan kuɗi a kalli tsiraicin mutum, ba namijin da ya taɓa ki, ina illar take, ai ya fi bin alhazawa a Wuse 2. To a gaban jama'ar zan amsa miki.

Wa'azi kam ba zan yi ba, kin san hukuncin tun kina islamiyya. Kuma nima a Abujar nan nake, na san mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun 2024, ga haya ga kuɗin mota daga Kubwa zuwa Berger kullum, wallahi ba wanda zai ce miki ba a shan wuya.

Inda na tsaya shine wannan "jikina ne" ɗin. Naki ne kafin ki tura. Kamfanin OnlyFans ɗin nan a Landan aka kafa shi 2016, kashi 20 cikin ɗari yake cirewa a duk abin da kika samu, a watan Agustan 2021 ma sun ce za su hana irin bidiyon saboda matsin bankuna, bayan 'yan kwanaki suka janye, kin ga kenan abincinki yana hannun wasu da ba su ma san da zamanki ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Akwai yarinyar da ke zuwa kitso shagona, ita ma haka ta ce, fuskarta ma rufewa take yi, ashe tabon ƙuna da ke wuyan hannunta da labulen ɗakinta sun isa a gane ta, wani ya biya sau ɗaya ya naɗe allon wayarsa ya watsa a Telegram, daga can sai guruf ɗin samarin unguwa, sai ga wani yana kira wai ta turo kuɗi ko ya aika wa babanta a Jos. Ina mata kitso wayar na ruri a cinyarta, ta kasa ɗauka ta kasa kashewa, hannunta sai rawa yake. Na ce mu je NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane da cin zarafi, ta ce Anti in ce musu me? Ta rufe akawun ɗin tuntuni, layi uku ta canza, shekaranjiya ya sake samo lambarta.

In kuɗin haya ne ya kai ki wannan tunanin ki zo shago ran Asabar da safe kafin mutane su taru, mu yi magana mu biyu.