Sanarwa ga masu zuwa kamun kifi Dam ɗin Zobe ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya na dawo daga Dutsin-Ma, ga abin da na tarar.

Ruwan Agusta ya cika dam, kogin Karaduwa sai kwararo jan ruwa yake. Kifi ya bar zurfi, ya bi ciyawar da ruwa ya shanye a gefe. Wanda ya nufi tsakiya, wallahi rana kawai zai sha.

Tarwaɗa ce ke ci yanzu. Ba ruwanta da duhun ruwa, ƙanshi take bi, don haka a zo da tana ko hanjin kaji, a kafa ƙugiya bayan la'asar, a duba da asuba. Karfasa kuwa sai hantsi, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, da ɗan curin dusa.

A kula da kututturan da ruwa ya rufe. Ni kallina, wato ragar kamun kifi, sabo fil can na baro rabinsa, har yanzu abin na ci mini rai.

In hadari ya haɗo daga gabas, a fito da kwale-kwale nan take, Alhaji har da kai. Mota za ta tashi daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ƙarfe 2, bayan azahar.