Wasiƙa daga Toronto: Tukunya Ta Ƙaru, Malmala Fa?

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Mu nan sai godiya, in ban da sanyin da ke shiga har ɓargo.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne baƙi ne ke ɗaga arzikin Kanada. To, ya danganta da mudun da ka auna. A 2023 jama'ar ƙasar nan ta ƙaru da kashi 3.2 cikin ɗari, mutum sama da miliyan 1.2, abin da ba a gani ba tun 1957. Kusan duka baƙi ne, da yawansu ɗalibai irina da masu takardar aiki ta wucin gadi. Jimillar abin da ƙasa ta samar ta ƙaru, amma ba ta kamo yawan bakunan ba. Da aka raba wa kowa, sai kason mutum ɗaya ya ragu.

Da wannan ake ta yi mana gori. Ni kuwa lissafin bai gamsar da ni ba. Ɗauki mutum 10, kowa na samun dala 100. Baƙo ya zo yana samun 45. Jimilla ta koma 1,045, ka raba gida 11, kowa 95. A takarda an talauce, alhali ba a taɓa ko sisin kowa ba, shi baƙon ma ya fi yadda ya baro gida. Kuma 45 ɗin ta bana ce. Wanda muke haya tare injiniya ne, amma kwali yake ɗauka a sito da dare, yana jiran a amince da takardunsa. In ya samu, a wace shekara za a rubuta ribar?

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai inda masu ƙorafin ke da gaskiya. Mutum ya sauka a jirgi yau, gida da asibiti kuwa sai an shekara ana gini. Mu huɗu ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tagarmu daidai ƙafar masu wucewa. Shi ya sa a Oktoban 2024 gwamnatin Trudeau, Firayim Ministan Kanada na lokacin, ta rage masu samun takardar zama ta dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000.

Don haka ka ce wa ƙaninka kada ya sayar da filin nan tukuna, sai mun yi waya. Ka gaida Baba da Inna. In ka samu mai zuwa, a taimaka mini da kuka da daddawa.

Naka har kullum.