Garkuwar Amurka ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da Shugaba Donald Trump ya sanar da shirin Golden Dome, wato garkuwar kare Amurka daga makamai masu linzami, a watan Mayun 2025, wanda ya ce zai ci dala biliyan 175, nake jin masu sharhi suna magana kamar an riga an yi wa Amurka rufin da babu makamin da zai huda. Ina roƙon a ba ni fili in ce akwai gyara a wannan zance.

Abin da Amurka take da shi a ƙasa don tare makaman da ke tsallaka nahiyoyi shi ne makaman kakkaɓowa 44, yawancinsu a Fort Greely da ke Alaska, kuma saboda Koriya ta Arewa aka girke su, wadda ta yi gwajin nukiliya sau shida daga 2006 zuwa 2017. A gwaje-gwajen da aka yi wa tsarin, inda mai tarewa ya san ranar harbi da inda makamin zai ɓullo, ɗan abin da ya haura rabi ne ya dace. Maƙiyi kuwa ba zai aiko da goron gayyata ba, kuma yana iya haɗa kan bam ɗaya da na bogi masu yawa, waɗanda a sararin samaniya, inda babu iska, tafiyarsu ɗaya da na gaske. Mai tarewa sai ya dace kowane karo. Mai harbi sau ɗaya ya ishe shi.

A safiyar Asabar 13 ga Janairun 2018 saƙo ya shiga wayoyin mutanen Hawai cewa makami na tafe, kowa ya nemi mafaka. Minti 38 aka yi kafin a ce kuskure ne, kuma a cikin mintocin nan mutane sun yi ta shigar da 'ya'yansu banɗaki suna buga waya suna ban kwana da dangi, duk da garkuwar da ke Alaska.

Akwai kuma abin da garkuwar ke haifarwa. Yarjejeniyar 1972 tsakanin Amurka da Tarayyar Soviet ta taƙaita irin wannan tsari ne domin kada kowane ɓangare ya riƙa ƙara makamai don ya fi ƙarfin garkuwar ɗan'uwansa. Amurka ta fice daga cikinta a 2002, kuma da Shugaba Putin na Rasha ya baje kolin sababbin makamansa Avangard da Sarmat a 2018, ficewar nan ya kafa hujja da ita.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya