Sanarwa ga ƴan sintirin sa-kai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jadawalin sintirin dare ya fito, kowa ya duba ranarsa. Wanda uzuri ya taso masa ya faɗa tun da rana a samu mai maye gurbinsa. Kada kowa ya fita shi kaɗai, ko da layin gidansa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za mu yi da wanda ake zargi. Idan kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku tsaya nesa, ku riƙe lokaci da wuri, kamannin mutumin da lambar mota ko babur, sannan ku kira ƴan sanda. Duka ko tilasta wa mutum ya amsa laifi, shi ma laifi ne a gaban doka, kuma yana iya lalata shari'ar da aka sha wahala a kanta. Don Allah a daina saka hoton wanda ake zargi a nan. In kotu ta wanke shi, wa zai goge masa wannan tabon?

A fito da tocila, usur, riga mai ƙyalli da waya cike da caji. Ban da makami.